Kafin ka kama haya, nemo baƙon da zai biya ka

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce kana da tunanin wani sabon kasuwanci, ka tara ɗan jari, 'yan'uwa da abokai duk sun yaba, kana son sanin yadda za ka tsara hanyar shigowar kuɗi, ka kuma gane ko abin zai tafi kafin ka kama wuri ka sayi kayan aiki. Na jira in ga ko wani zai taɓo abin da ya fi damuna a maganarka, ban gani ba, shi ya sa na tsoma baki.

Yabon nan na 'yan'uwa shi ne ya dame ni, domin ni ma da shi na fara. Shekarun baya na buɗe harkar wanki da guga: mu je gida mu karɓi kaya, mu wanke, mu mayar. Duk wanda na gaya wa sai ya ce ai shi ne kwastomana na farko. Na kama wuri, na sayi injuna, na ɗauki ma'aikata. Da aka buɗe, mafi yawansu ko waya ba su buga ba. Ba ƙarya suka yi min ba, ƙaunata suke yi, kuma faɗin "zan saya" ba ya cire wa mutum ko sisi daga aljihu.

Tsarin kasuwanci ba wani abu ne mai wuyar ganewa ba. Wane ne ke da matsalar, me yake yi a kanta yanzu kafin zuwanka, nawa zai iya biya, ta wace hanya za ka kai gare shi, nawa kake kashewa kafin ka yi wa mutum ɗaya aiki. Akwai wani jadawali mai gidaje tara da wani masanin kasuwanci, Alexander Osterwalder, ya tsara, ana cike shi a shafi guda, ka neme shi, yana taimakawa wajen tattara tunani. Sai dai ka sani duk abin da ka rubuta a ciki ranar farko zato ne. Aikinka shi ne ka duba a cikin zace-zacen nan wanne ne idan ya zama ba haka ba komai ya rushe, ka fara gwada shi.

Ni a nan na yi kuskure. Na ɗauka wankin shi ne kasuwancin, na zuba kuɗi a injuna. Ashe zirga-zirgar karɓo kaya da mayarwa ce ke cinye riba. Kwastomomina a warwatse suke, wannan gabas wancan yamma, wani ka je ka tarar ba ya gida, sai an sake komawa. Sai da na zauna na lissafa aiki ɗaya tak, daga mai da ladan mai kai kaya har sabulu da wuta, na ga akwai ayyukan da duk wanda na karɓa faɗuwa nake yi. Ciniki na ƙaruwa, ina murna, jari kuwa na zurarewa. Da a ce na yi gwaji na tsawon wata guda da abin hawa ɗaya, ina kai kayan wurin wasu masu wanki su wanke min, da na gano wannan ba tare da na sayi inji ko ɗaya ba.

Irin wannan gwajin wani mutum mai suna Nick Swinmurn ya yi a Amurka a 1999. Yana son sayar da takalma ta intanet, amma bai san ko mutane za su yarda su sayi takalmin da ba su sa a ƙafa ba. Bai cika sito da kaya ba. Ya riƙa shiga shagunan takalma yana ɗaukar hoto yana sawa a intanet, idan wani ya yi oda sai ya koma ya saya da kuɗinsa ya aika. Riba ba ita yake nema a lokacin ba, amsa yake nema. Kamfanin ya zama Zappos, wanda Amazon ya saya a 2009. A daidai wannan zamani kamfanin Webvan ya tara ɗaruruwan miliyoyin daloli, ya shiga gina manyan ɗakunan ajiya don kai wa mutane cefane gida tun bai tabbatar lissafin yana fita a gari ɗaya ba. A 2001 ya durƙushe.

To yaya za ka gwada naka? Ka fita ka sami mutanen da ba su san ka ba, ba sa jin nauyinka. Kada ka tambaye su ko za su saya. Tambaye su yaushe matsalar ta same su a baya-bayan nan, me suka yi, nawa suka kashe. Wanda bai taɓa kashe kuɗi ko lokaci a kan matsala ba, da wuya ya fara a kanka. Daga nan ka sa farashi na gaske ka nemi kafin alƙalami, ko kaɗan ne. Ban yarda da gwajin kyauta ba, kowa na son kyauta, ba za ta nuna maka komai ba. Kuma tun kafin ka fara, rubuta a takarda: cikin mutum kaza da zan tunkara, idan kaza ba su biya ba, zan canja. Idan ba ka rubuta ba, zuciyarka za ta kawo maka uzuri a kan kowane sakamako, na ga haka a kaina.

Sayen farko ma kada ya ruɗe ka, wasu son ganin sabon abu ne ya kawo su. Ka ƙirga waɗanda suka dawo karo na biyu da na uku ba tare da ka roƙe su ba. In za ka gyara, taɓa abu ɗaya a lokaci guda, farashi ko irin kwastoma ko hanyar talla, don ka san wanne ya yi aiki. Ka sa albashinka cikin lissafi, in ba haka ba guminka kake kira riba.

Ni daga baya na bar bin gida-gida na koma ƙananan otal-otal, tafiya ɗaya kaya masu yawa. Lissafi ya fita, amma sabuwar matsala ta ɓullo: su sai ƙarshen wata suke biya, wani lokaci a haura, ni kuwa kullum sai na kashe. A takarda akwai riba, a hannu babu kuɗi. Sai da na sa sharaɗin biyan rabi tun farko na samu numfashi. Don haka ka rubuta har ranar da kuɗi zai shigo, ba adadinsa kaɗai ba.

Ba ka faɗi irin kasuwancin ba. In ba damuwa, gaya mana wanda kake sa ran zai biya, da zaton da ya fi ba ka tsoro, mu haɗu mu duba yadda za ka gwada shi cikin mako biyu ba tare da ka taɓa jarin ba.