Yaya zan yi sallama da iyalin da suka sauke ni a Milan?

Kin ce kina gab da kammala karatun rera waƙa a Italiya, kina kuma tambayar yadda za ki tsara kwanakinki na ƙarshe. Ki fara da makaranta: ki karɓi takardar sakamakon jarrabawa da wasiƙar shaida daga malamar da ta horar da muryarki tun kafin watan Agusta, domin ofisoshi da yawa sukan rufe a kewayen hutun 15 ga watan. Su kuwa masu masaukinki, ki gayyace su taron waƙarki ta kammalawa, sannan ki keɓe musu abincin rana na Lahadi, lokacin da iyalan Italiya suka saba haɗuwa. A ganina, ki dafa musu abincin gidanku da hannunki ya fi tsarabar kanti, kuma kada ki bar haɗa kaya ya cinye wannan rana.