Wace Farfela Ta Dace da Na'urar Nutso?

Tambaya: Malam, mu ɗalibai ne, muna haɗa na'urar nutso da ake sarrafawa daga tudu, da injinan famfo masu ƙarfin lantarki bolt 12. Wace farfela za mu saka?

Amsa: Ku nemi ta ƙananan jiragen ruwa na wasa, mai fukafuki 2 ko 3, faɗin milimita 40 zuwa 50. Kada girma ya ruɗe ku. Babba, ko mai lanƙwasa sosai, tana jan wuta har injin ya yi zafi, fis ya ƙone. Ku gwada kowacce a bokitin ruwa kuna auna wutar da take ja. Farfelolin da ke gefe biyun na'urar su saɓa juyi, ɗaya dama ɗaya hagu, don kada na'urar ta karkace. Ku ɗaure sukurun da ke riƙe farfelar da gam, in ba haka ba juyin baya zai kwance ta.