Shin Shigar Ɗaliban Digiri Na Farko Cikin Bincike Na Mayar Da Su Masana Kimiyya?

Tambaya: Ni malama ce mai koyar da ilimin halittu a jami'a, ban daɗe da fara aiki ba. Duk takardar da na buɗe kan sa ɗaliban digiri na farko cikin bincike sai in ci karo da sunan David Lopatto. Me ya yi ne da ya sa ake yawan ambatonsa? Sannan akwai abin da ke damuna: anya binciken ne ke gyara ɗalibai, ko kuwa dama haziƙan ne ke neman shiga? Ɗalibaina suna da yawa, ba zan iya ɗaukar kowa a ɗakin gwaje-gwajena ba.

Amsa: Malama, tambayarki ta biyu ita ce wadda masana wannan fanni suka fi shekara 20 suna kokawa da ita, don haka kin taɓo inda ke yi musu ƙaiƙayi. Amma bari mu fara da Lopatto.

Sa ɗalibi cikin bincike tun kafin ya kammala digiri ya girmi aikinsa nesa ba kusa ba. Jami'ar MIT ta kafa shirinta a 1969 ƙarƙashin Margaret MacVicar, Gidauniyar Kimiyya ta Ƙasar Amurka ta fara ba da kuɗin irin wannan shiri na hutun bazara a tsarinsa na yanzu a 1987, kuma rahoton kwamitin Boyer na 1998 ya zargi manyan jami'o'in ƙasar da barin ɗalibansu suna haddar abin da wasu suka gano ba tare da an nuna musu yadda ake ganowa ba. Kowa ya yarda abin yana da amfani, ana ta zuba kuɗi, amma in ka ce a kawo hujja sai a ba ka labarin wani ɗalibi da ya zama farfesa.

A lokacin da ya yi aikin, Lopatto malamin ilimin halayyar ɗan Adam ne a kwalejin Grinnell da ke jihar Iowa ta Amurka. Abin da ya yi mai sauƙin faɗa ne: da tallafin cibiyar binciken lafiya ta Howard Hughes, ya tsara takardar tambayoyi guda ɗaya mai suna SURE wadda ɗalibai a makarantu daban-daban za su cika bayan sun gama bincikensu, kowa ya auna kansa a kan fa'idoji 20. A 2004 ya fitar da sakamakon farko daga ɗalibai 1,135 na makarantu 41. Abubuwan da suka fi cewa sun ƙaru da su sun haɗa da fahimtar yadda bincike ke tafiya, iya aiki da kayan ɗakin gwaje-gwaje, da jure wa cikas. Fiye da kashi 83 cikin ɗari sun ce suna da niyyar ci gaba da karatun kimiyya bayan digiri na farko. Tasirinsa na gaskiya shi ne ya ba mutane ma'auni ɗaya. Shugaban sashe da ke neman kuɗi ya samu alƙaluman da zai kwatanta ɗalibansa da na wasu, kuma daga baya aka yi wa takardar kwaskwarima don auna darussan aji masu ɗauke da bincike. Shi ya sa kike ganin sunansa ko'ina.

A 2004 ɗin dai Elaine Seymour da abokan aikinta na Jami'ar Colorado suka bi wata hanya dabam. Sun zauna da ɗalibai 76 daga ƙananan kwalejoji huɗu suka yi hira da su mai tsawo. Ni a ganina aikinsu ya fi shiga zuciyar lamarin, domin sun gano cewa babban abin da ɗalibi ke samu shi ne ya fara jin kansa a matsayin ɗan gida a kimiyya: ya yarda zai iya, ya ga malaminsa ya ɗauke shi abokin aiki. Sun kuma lura da abin da ke goyon bayan shakkunki, wato binciken ya fi ƙarfafa niyyar da ɗalibi ya zo da ita, ba kasafai yake dasa sabuwa ba.

Raunin waɗannan ayyuka a fili yake. Ɗalibin da ya yi wata biyu yana aiki, an biya shi, an yaba masa, in ka tambaye shi ko ya ƙaru me kike tsammani zai ce? Kuma wa ya shiga tun farko? Wanda makinsa ya yi kyau, wanda ya san ana ƙwanƙwasa ƙofar farfesa a nemi gurbi, wanda ba dole ne ya yi aikin neman kuɗi a lokacin hutu ba. A 2015 Marcia Linn ta Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, tare da wasu, ta bi nazarce-nazarce kimanin 60 ta rubuta a mujallar Science cewa mafi yawansu sun dogara ne da abin da ɗalibai suka faɗa game da kansu, kaɗan ne ƙwarai suka gwada ko ɗalibin ya iya wani abu da bai iya ba a da. Rahoton majalisar manyan masana kimiyya ta ƙasar Amurka na 2017 shi ma ya ce hujjar da ke nuna cewa binciken ne musabbabi ba ta kai yawan da ake zato ba, ko da yake ya yarda akwai shaida a kan abu ɗaya: yana riƙe ɗalibai a fannin kimiyya.

Wannan batu na riƙewa shi ne inda nake da natsuwa. A Jami'ar Michigan masu neman shiga shirin bincike sun fi gurabe yawa, sai aka yi ƙuri'a. Hakan ya samar da rukuni biyu masu sha'awa iri ɗaya, sa'a kawai ta raba su. Nazarin da Biren Nagda da abokansa suka buga a 1998 ya nuna waɗanda suka shiga sun fi zama a jami'a, kuma amfanin ya fi fitowa ga ɗalibai baƙaƙen fata, musamman waɗanda makinsu bai kai na sama ba. Ki lura da wannan sosai. Waɗanda malami zai fi saurin tsallakewa idan yana zaɓe da kansa, su ne abin ya fi yi wa rana.

Sai kuma Jami'ar Texas da ke Austin, wadda tun 2005 take sa 'yan shekarar farko cikin bincike rukuni-rukuni na tsawon zango uku. A 2016 wata tawaga da ta haɗa da Erin Dolan ta haɗa kowane ɗalibin shirin da takwaransa mai kama da shi a maki da asali wanda bai shiga ba. Yiwuwar kammala digiri a fannin kimiyya ta tashi daga kashi 71 zuwa 94, ta kammala karatu cikin shekara shida kuma daga 66 zuwa 83. Matsakaicin makinsu bai canja ba. Ba ƙuri'a ba ce, don haka ba za a ce ta toshe kowace kafa ba, amma ta fi tambayar ɗalibi yadda yake ji nesa.

Wannan ya kawo mu kan matsalarki ta yawan ɗalibai. Dolan da abokan aikinta sun taimaka wajen fayyace abin da ke bambanta darasin aji mai bincike na gaske da gwajin da aka saba, inda malami ya san amsa tun kafin a kunna wuta. A 2014 suka zayyana siffofi biyar: ɗalibai su yi aiki da hanyoyin masana, su nemi abin da ba a sani ba, sakamakon ya shafi wasu a wajen aji, su yi aiki tare, kuma su maimaita. Ta ƙarshen ce na fi ba muhimmanci, kuma ita ce jadawalin karatu ya fi kashewa. Idan kowane mako da sabon gwaji, ɗalibin da nasa ya lalace ba shi da abin yi sai ya kwafi na maƙwabcinsa.

Dubi yadda abin yake a shirin SEA-PHAGES, wanda cibiyar Howard Hughes ta fara a 2008 tare da Graham Hatfull na Jami'ar Pittsburgh. Ɗaliba 'yar shekarar farko za ta ɗebo ƙasa a cikin ƙaramar kwalba, ta jiƙa, ta tace, ta zuba ruwan a kan faranti mai shimfiɗar bakteriya. Washegari ta ɗaga farantin tana duba ko akwai ɗan fili mai haske inda wani bairos ya cinye bakteriyar. Sau da yawa babu komai, sai ta koma ta ɗebo wata ƙasar. Ranar da filin ya bayyana, ta samu halittar da wataƙila ba wanda ya taɓa gani, ita za ta raɗa mata suna, ta tsarkake ta, ajinsu kuma ya yi nazarin ƙwayoyin gadonta. A 2019 aka ba da rahoton wata yarinya 'yar shekara 15 a Landan da aka yi wa dashen huhu, wata bakteriya mai bijire wa magani ta kama ta, aka yi mata magani da irin waɗannan bairos guda uku daga tarin Hatfull, ta samu sauƙi ƙwarai. Ɗaya daga cikinsu wata ɗaliba ce ta kankaro shi daga jikin ruɓaɓɓen gauta a Durban ta Afirka ta Kudu.

Ba kowane aji zai kai ga haka ba, kuma ba sai ya kai ba. Shawarata ita ce ki ɗauki tambaya ɗaya daga naki binciken wadda ke buƙatar hannaye da yawa, wadda ke kanki ba ki san amsarta ba, ki gina zango guda a kanta. Ki rage yawan gwaje-gwaje don a samu makonnin sakewa. Ki ba da maki a kan littafin aiki da yadda ɗalibi ya bi sawun kuskurensa, kada ki ɗora shi a kan ko sakamako ya fito. Kuma ki sa shi cikin darasin da kowa ke ɗauka tun da wuri, domin in kin bar shi ga masu nema, kin koma kan matsalar da kika tambaya.

Akwai wani gefe da ba a cika faɗa ba. Tawagar Dolan ta buga nazari a 2019 kan mugun jagoranci: malamin da ba a ganinsa, wanda ke wulaƙanta ɗalibi, ko wanda ya bar shi da wankin kwalabe wata da watanni. Irin wannan na iya korar yaro daga kimiyya gaba ɗaya. Idan ɗaliban digiri na biyu ko na uku ne za su taya ki kula da ƙananan, ki zauna da su tukuna ku yi magana kan yadda ake gyara wa mutum kuskure ba tare da an karya masa gwiwa ba.

Wajen aunawa, ki yi amfani da takarda irin ta Lopatto in kina so, tana nuna yadda ɗalibai ke ji, kuma jin nasu yana da muhimmanci. Amma ki haɗa da gwaji na zahiri. A makon farko ki ba su jadawalin wani sakamako da ba su taɓa gani ba, ki ce su faɗi abin da ya nuna, abin da bai nuna ba, da gwajin da za su yi a gaba. A makon ƙarshe ki ba su wani makamancinsa, sannan wani malami da bai san wanne ne na farko ba ya duba amsoshin. Ki kuma ajiye sunayen ajin, bayan shekara biyu ko uku ki duba nawa ne har yanzu suke cikin fannin, ki kwatanta da ajin da ya gabace su.