Me ya sa Terraform ya kasa rushe abin da ya gina a EKS?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na kafa gungun Kubernetes (tsarin gudanar da manhajoji a kan rukunin kwamfutoci) a EKS, sabis ɗin Amazon mai kula da irin wannan gungu, don gwaji. Na gina shi ne da Terraform, manhajar da ke ginawa da rushe kayan girgije bisa rubutaccen tsari. Da na gama na ba da umarnin terraform destroy, gungun ya tafi, amma aikin ya maƙale a kan VPC, wato keɓantacciyar hanyar sadarwar da gungun ke ciki, yana ta nuna saƙon kuskure na DependencyViolation. Ga shi kuma har yanzu ana cajina kuɗi. Ina matsalar take?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Terraform ba ya rushe komai sai abin da ke rubuce a kundinsa, wato fayil ɗin terraform.tfstate. Shi kuwa Kubernetes yakan ƙirƙiri kaya a asusunka na AWS, wato sabis ɗin girgije na Amazon, ba da sanin Terraform ba. Da zarar ka saka Service mai nau'in LoadBalancer, wato ƙofar da ake bi daga waje a isa manhajarka, sai a buɗe maka na'urar rarraba cunkoso a cikin VPC, da mahaɗanta na sadarwa da dokokin tsaronta. Haka ma PersistentVolumeClaim, wato buƙatar wurin ajiyar bayanai, yakan haifar da faifan EBS, faifan ajiya na AWS. Wanda zai share waɗannan shi ne gungun kansa, kai kuwa shi ka fara kashewa. Sai suka zama marayu, AWS kuma ba ta share sashen sadarwa na VPC muddin akwai abin da ke maƙale a cikinsa.

Kuɗin gungun, santi 10 na dala a kowace awa, kusan dala 73 a wata, ya tsaya tun da ya tafi. Marayun nan ne ke cin aljihunka. Shiga shafin EC2, sashen kwamfutocin haya na AWS, ka tabbata kana yankin da ka yi ginin, ka share na'urar rarraba cunkoson, da mahaɗan da suka rage, da dokokin tsaro masu suna da ya fara da k8s, sannan ka maimaita umarnin. Kada ka manta da faifan EBS da babu mai amfani da su.

Nan gaba ka raba aikin gida biyu, kowanne da kundinsa: ɗaya na VPC da gungun, ɗaya na abin da ke gudana a ciki, har da na Helm, manhajar saka kaya a Kubernetes. Wajen rushewa ka fara da na ciki, ka jira har AWS ta gama sharewa. A ganina haɗa su wuri guda shi ne babban kuskuren masu koyo, domin Terraform yana neman adireshin gungun tun kafin a gina shi.

Kundin kuma ka ajiye shi a S3, ma'ajiyar fayiloli ta AWS, da makullin da ke hana mutum biyu sauya shi lokaci guda, kada ya zauna a kwamfutarka. Ko ka koma OpenTofu, wanda ya ɓalle daga Terraform a 2023 bayan HashiCorp, kamfanin da ya ƙirƙiri Terraform, ta sauya lasisi, wannan matsalar za ka tarar.