Kafin ka taya, juya dardumar ka ga bayanta

Toh ɗana, na ga saƙonka tun jiya bayan isha'i, wai in ka sauka Istanbul ka shiga wajen masu dardumar hannu nawa za ka fara tayawa, rabin kuɗin da suka faɗa ko kashi ɗaya cikin uku kamar yadda wani ya gaya maka. Wannan lissafin na 'yan yawon buɗe ido ne, kuma Baturken da ke zaune a shagon ya san shi sarai, shi ya sa ma yake ɗora kuɗin sama tun farko, in ka raba biyu ka faɗo daidai inda yake jiranka. Kai ba yawo ya kai ka ba, kuɗin shago ne a hannunka, don haka kar ka buɗe baki da tayi sai ka san abin da aka shimfiɗa a gabanka.

Babbar kasuwar nan mai rufi da suke ce wa Kapalicarshi, tun zamanin Sarki Muhammadu Fatih aka kafa ta bayan ya ci birnin a 1453, shagunanta sun kai wajen 4,000, ranar Lahadi kuma a rufe take, kar ka ɓata ƙafarka. Ranar farko ka shiga ka zaga kawai, ka tambayi kuɗi shago biyar shida ka fita. Za su kira ka, za su kawo shayi a ɗan ƙaramin kofin gilas, yaran shago su yi ta warware dardumomi ɗaya kan ɗaya har ka fara jin nauyi. Sha shayinka, al'adarsu ce, ba bashi ka ci ba.

In wata ta yi maka, kar ka tsaya kallon fuskarta, juya ta. Ta hannu ƙulli ne ɗaya bayan ɗaya, a bayan za ka ga zanen ya fito sarai kamar na gaba, amma layin bai miƙe ɗoɗar ba, wani ƙullin ya ɗan fi wani, wani wajen ma launin ya ɗan sauya saboda zaren ba tukunyar rini ɗaya ya fito ba, kuma wannan ba aibi ba ne. Ta inji bayanta sumul yake kamar an buga da ruula. Sannan ka kama gezar bakin ka duba, a ta hannu gezar ita ce zaren da aka ɗaura saƙar a kansa, daga cikin jikin take fitowa, in ka ga ɗinka ta aka yi daga baya toh ajiye. Ba wai ta inji haramun ba ce, ai mu ma muna sayar da kafet ɗin garin Gaziantep na Turkiyya kullum, amma da kuɗinta na inji.

Inda aka fi yanka mutane shi ne siliki. Za ka ji ana ta Hereke Hereke, wani gari ne kusa da Izmit da aka kafa masaƙa a 1843 zamanin sarakunan Usmaniyya, silikinsu mai kyau za ka ƙirga ƙulli 10 a tsaye 10 a kwance cikin santimita ɗaya, wato miliyan ɗaya a murabba'in mita, kaga kuwa abin da ya ci mace wata da watanni tana duƙe ba za a ba ka shi a kuɗin banza ba. Ni a tafiyata ta biyu wani mai shago ya sayar min da 'yar ƙaramar sallaya a matsayin siliki, tana ta sheƙi a ƙarƙashin fitilarsa, sai da na dawo gida na gane auduga ce da aka yi wa magani take ƙyalli, wallahi har yau in na tuna raina yana ɓaci don amanar wani bawan Allah ce. Saboda haka ka roƙa a zaro maka zare ɗaya daga geza da ɗaya daga jiki, ka kunna masa ashana. Siliki da ulu warin ƙonannen gashi suke yi, tokar ta dunƙule ka murje ta da yatsa, auduga warin takarda, roba kuma narkewa take ta daskare. Ka kuma jiƙa farin hankici ka goga a kan jan, in yana zuba za ka gani. Mai kayan kirki ba ya hana ka wannan.

Sai bayan nan ciniki. Ka yanke a ranka kuɗin da ba za ka wuce ba, da kuɗin kago da na kwastan a ciki, da abin da kasan mutanenmu za su iya biya a nan. Ka taya ƙasa da shi, ka riƙa hawa kaɗan kaɗan, shi yana saukowa. Kar ka nuna wadda ka fi so, ka tambayi uku tare. Kuma don Allah kar ka kushe kayan don ka karya kuɗi, ba na son wannan halin ko a shagonmu, ce masa aikin ya yi kyau amma ƙarfinka bai kai ba. In ya ƙi, yi godiya ka miƙe, sau da yawa a bakin ƙofa ake sallamawa. Amma in ka taya ya sallama toh ka saya kenan, ba a janye tayi, can ma kamar nan ne.

Je da sassafe, suna girmama cinikin farko, siftah suke ce masa, ba sa son ya kuɓuce. Kuma ka je kai kaɗai, duk wanda ya tare ka a titi wajen unguwar Sultanahmet ya ce zai raka ka shagon ɗan'uwansa, la'adarsa a cikin kuɗinka take.

Tsarabar su carbi, kofunan shayi da fitilun gilas kuwa kar ka ɓata yini a kansu, haɗa su waje ɗaya ka nemi ragi a jimla shikenan. In aka ce maka darduma tsohuwa ce ta tarihi rabu da ita, dokarsu ta hana fitar da irin waɗannan sai da takardar gidan tarihi.

In kun daidaita, ka sa hannu da biro a bayanta, a naɗe ta a gaban idonka, a rubuta maka rasit da girmanta da irin zarenta. Kafin ka miƙa kuɗi kuma ka kira ni ta bidiyo ka haska min bayan da gezar, ko ƙarfe nawa ne zan ɗauka.