Kada ki raba ɗanki da Hausa don zai shiga makaranta

Wata 'yar'uwa da ke zaune a Ingila ta aiko da tambaya a kan ɗanta mai shekara uku da rabi. Ita da maigidanta Hausa suke yi a gida, maƙwabtansu galibi Somaliyawa ne da 'yan Pakistan, yaron kuma ya fara cakuɗa Hausa da Turancin da yake tsinta a talabijin. Wata ƙawarta ta ce mata ta daina yi masa Hausa har sai Turanci ya zauna a bakinsa. Tana son ta san ko ta bi shawarar, da kuma lokacin da ake neman gurbin makaranta.

'Yar'uwa, bari mu fara da takardu, domin su ne masu wa'adi. A Ingila yawancin yara suna shiga ajin share fage na firamare a watan Satumban da ya biyo bayan cikarsu shekara 4, ko da yake doka ba ta wajabta karatu sai a zangon da ya biyo bayan cika shekara 5. Ta hannun ƙaramar hukumar da kike zaune ake neman gurbi, ana rufe karɓa ranar 15 ga Janairu, a sanar da sakamako wajen 16 ga Afrilu, kuma wanda ya makara sai an gama da na sauran ake duba takardarsa. Ki tanadi takardar haihuwa da shaidar adireshi, ki cike duk guraben zaɓin da aka ba ki, kada ki rataya a kan makaranta ɗaya. Kafin nan yana da haƙƙin awa 15 a mako a makarantar raino kyauta, na mako 38 a shekara, kuma irin bizar iyaye ba ta hana wannan. Sai dai zamansa a rainon wata makaranta bai ba shi gurbi a firamarenta ba, sai kin nema daban.

Shawarar ƙawarki kuwa, ban goyi bayanta ba. Turanci zai zo masa ko kin so ko kin ƙi, domin da shi zai wuni a aji da filin wasa kwana biyar a mako. Hausa ce ba ta da wani mai ba shi ita in ban da ku. Abin da malama ta fi bukata shi ne yaron da ya saba a yi masa magana mai tsawo, ya saurari labari daga farko har ƙarshe, ya tambayi dalili, ya iya faɗin abin da ya faru jiya. Wanda ya koyi waɗannan da Hausa zai ɗauke su ya shiga Turanci da su, kamar yadda wanda ya gane ƙidaya ba ya sake koyonta, sunayen lambobi kawai yake sauyawa. Idan kuka koma yi masa Turancin "zo" da "zauna" da "bari", ya yi biyu babu, ga shi kuma ranar da kakarsa ta kira a waya sai dai ya yi ta kallon fuskarta yana murmushi. Cakuɗa harsuna a wannan shekarun ba rikicewa ba ce. Idan ya soma jimla da Hausa ya ƙarasa da kalmar Turanci, ki maimaita masa ita cikakkiya da Hausa ba tare da tsawa ba, ku ci gaba da hirarku.

A fom ɗin makaranta za a tambayi harshen gida. Ki rubuta Hausa, domin da wannan ne malamai za su san irin taimakon da za su ba shi. Ki kuma miƙa wa malamarsa 'yar takarda mai kalmomin da zai faɗa idan ya matsu, irin su ruwa, fitsari da ciwo, tare da ma'anarsu. Idan Abba kuke kiransa a gida alhali Muhammad ne a rajista, ki saba masa da sunan tun yanzu, in ba haka ba za a yi ta kira yana waige-waige, a ɗauka ba ya ji. Ya iya shiga bayan gida shi kaɗai, ya wanke hannu, ya zuge zif ɗin rigar sanyinsa. Waɗannan sun fi haddar haruffa amfani a makon farko.

Kada hankalinki ya tashi idan aka ce miki wannan mai surutun ya yi gum a aji. Yara da yawa masu harshe biyu sukan yi makonni, wasu har watanni, suna sauraro kafin su buɗe baki da sabon harshe. Abin da ke bukatar likita shi ne jinkirin da ya bayyana a Hausar ma: idan a shekarunsa ba ya haɗa gajerun jimloli a kowane harshe, ko ba ya juyowa idan an kira shi daga baya, ki kai shi wurin likitanku a duba jinsa, ki nemi a tura ku ga masu duba magana, ki kuma dage a auna shi da Hausa ta bakin tafinta.