Littafin lura a jami'a: tsabtarsa ce abin tsoro

Tambaya: Ina koyar da ilimin tsirrai a jami'a. Na sa ɗalibai su riƙe littafin lura, su fita su zana abin da suka gani, su yi bayaninsa. Rabinsu sun ce ba su iya zane ba, kwamitin sashenmu kuma ya ce sai an kawo littattafan tsaf-tsaf kafin a ba da maki. Ina tsoron wahalar banza muke yi.

Amsa: Malam, rashin iya zane ƙaramar magana ce. Abin da ake so shi ne kan kowane shafi ya ɗauki kwanan wata, lokaci, wuri da yanayin gari. Ɗalibi ya zauna minti 20 gaban tsiro ɗaya, ya koma masa duk mako. Ya auna ganye da rula, ya ƙirga furanni, ya duba ko ganyen suna fuskantar juna a kan kara ko bi da bi suka fito, sannan ya rubuta tambayoyi biyu da shi kansa bai san amsarsu ba. Da fensir zai yi, don ruwa na watsa tawada.

Wannan "tsaf-tsaf" ɗin ne ya dame ni. Da zarar an ɗora maki a kan tsabta, ɗalibi zai koma ɗaki ya sake kwafewa, kuma a nan ƙarya ke shiga. Ganyen da tsutsa ta ci gefensa sai ya dawo lafiyayye. Fure mai kunne huɗu ya zama biyar, domin da biyar aka zana shi a littafin karatu ko intanet. Ka ga mun koya masa gyara bayanai tun kafin ya fara bincike, har da lada! Ƙwaƙwalwa ba abin dogaro ba ce. Shahararren masanin halittu Charles Darwin da kansa, a tsibiran Galapagos a 1835, bai rubuta tsibirin da ya samo yawancin ƙananan tsuntsayensa ba, sai daga baya ya nemi bayanan abokan tafiyarsa, ciki har da FitzRoy, kyaftin ɗin jirgin ruwansu.

Saboda haka a yi amfani da littafi mai ɗinki, a sa wa shafukan lamba don kada a yage. Kuskure a ja masa layi ɗaya, a bar shi ana iya karantawa. Ka sa hannu a shafin tun kuna fili. Makin kuma ya tafi ga awo, ƙirga da ingancin tambaya. In kwamitin sashe ya ga laka a shafi ya ɓata rai, gaya musu shaidar fita ce.